Agogon Baba da Takarda ta Uku

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaiki. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi daga ɗiyarki ta fari, ina durƙushe kamar yadda kika koya mini. Ina roƙon Allah ya sa makwancinki ya yi miki faɗi da sanyi. Mu nan Gwandu lafiya muke, ni da Baba. Damina ta yi kyau bana, geron bayan gida har ya fi ni tsawo.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Malamar makarantarmu ce ta ga ina ramewa, ta tambaye ni, na kasa cewa komai. Sai ta ba ni tawada da alƙalami, ta ce tunda bakina ya ƙi, hannuna ya faɗa. In rubutun ya karkace ki yi haƙuri, ban daɗe da ajiye allo ba.

Inna, maganar Kaka ce, mahaifiyarki. Ta nemi ganin fuskarki.

Kin san ba za ta faɗa haka kai tsaye ba. Ke ce ɗiyarta ta fari, ba ta taɓa kiran sunanki ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ki a gaban mutane ba. Ko ranar da aka kai mata labarin rasuwarki, an ce tatsar nono take yi, ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta ci gaba da tatsa. Da muka je Kalgo bayan sadakar arba'in, sai ta ja ni bayan bukka, kamar za ta ba ni man shanu. Ta ce, "Ke Bebiya, an ce ubanki na da wata aba a cikin gilashi. Ta mutumiyar nan." Na ce eh. Ta ce, "To." Shi ke nan abin da ta faɗa. Ni kaɗai za ta iya gaya wa, don ni jika ce, abokiyar wasanta, ita ce ma ta laƙaba mini Bebiya saboda rashin maganata.

A ranar na ga idonta da kyau. Na dama yanar ido ta rufe shi, ya yi fari kamar kindirmo. Na hagu ma ta fara ci daga gefe.

Kwana tara na yi ina juya maganar a cikina kafin na iya gaya wa Baba. Ya shiga ɗakin duhu, ya wanke ƙaramin hoto daidai girman gilashin da ya ɗauki hotonki a kai, wanda bai kai tafin hannu ba. Ya naɗe shi a ƙyalle da kansa, ya ba Kawu Sambo ya kai. Ban buɗe ba, ban kuma tambaya ba. Da watan ya zagayo Kawu ya dawo da shi. Ya ce Kaka ta kai shi har bakin hancinta, ta ce ita ba ta ga komai ba sai ƙuda a kan nono. Ya ce kuma idon hagun yana ƙara rufewa, yanzu ba ta gane shanunta sai da kukansu.

Sai Baba ya ce babu dabara, sai an yi babba.

Kin fi kowa sanin yadda ake yin babba, tunda aikinki ne. Ina ƙarama nakan zauna a bakin ƙofa in ji ku. Baba ya toshe ramin bangon gabas da akwatin hotonsa, wanda ya zo da shi daga Lokoja, ya cusa tsummoki ta ko'ina don kada haske ya sata hanya. Gilashin yana ta bakin ramin, idon akwatin yana kallon cikin ɗaki. Shi yana waje riƙe da allon da aka shafe da farar ƙasa, yana turo hasken hantsi. Ke kina ciki da takarda a kafe jikin katako, da fitila mai jan gilashi, da agogo. Ki cire murfin idon, ki taɓa agogo ya tashi, in lokaci ya cika ki mayar da murfi. Hotunan akawu da 'yan doka da fatake nawa suka bi ta hannunki a haka, ba wanda ya san mace ce ta tsayar musu da fuska.

Tun da kika tafi Baba bai sake yin babba ba. Agogon yana nan a alkuki, ƙura ta hau shi. Manyan takardu kuwa uku suka rage a cikin baƙar ambulan. Wasu sai fatake sun hauro da su daga Ikko zuwa Jega, kuma ba za su zo ba sai ruwa ya janye. Idon Kaka ba zai jira rani ba.

Baba ya ce ni zan shiga ciki. Na so in ce ya bar ni da allon, shi ya shiga. Kamar ya ji abin da ke raina, ya ce allon ya fi ƙarfina, kuma in hannu ya yi rawa haske ya yi rawa. Gaskiya ne. Amma da yana faɗa bai dube ni ba, ƙasa yake kallo, sai na gane ba nauyin allo kaɗai ba ne.

Inna, tsoro nake ji, tun daga ranar. Bari in gaya miki dalili, ko da za ki ce shirme ne.

Na farko, maganar matan unguwa. Da kika kwanta zazzaɓi na ji su a bakin rijiya. Ɗaya ta ce, "Mace da hankalinta ta zauna a ɗauke mata kurwa a sa a gilashi?" Ɗayar ta ce, "Ai tun ranar nan ba ta sake ƙiba ba." Da suka gan ni suka koma zancen tsadar gishiri. Na tambayi Malama daga baya, ta ce ajali ne, gilashi ba ya kashe kowa. Na yarda da Malama. Amma duk sanda na wuce akwatin katakon da gilashin ke ciki, sai in ƙara sauri.

Na biyu, ban san idonki ba. Shekara goma sha huɗu muna ɗaki ɗaya. Na san bayanki, na san hannunki a kan muciya, na san gefen fuskarki in kina tsince shinkafa. In za ki aike ni sai ki dubi bango ki ce, "A zo a kai wanga." In na yi abin kirki sai ki gaya wa tukunya. Ban taɓa jin haushi ba, haka ake yi wa ɗan fari, haka aka yi miki. Ni ma in kin juyo sai in sunkuyar da kai. Baba ya ce ranar da ya ɗauke ki, ya ce ki dubi idon akwatin, kika duba sosai, don babu mutum a ciki da za ki ji kunya.

Kafin mu taɓa babbar takarda Baba ya yi gwaji da wani ɗan ƙyallen takarda da ya rage. Ya goge agogon, ya wana shi, ya nuna mini. Hannu ɗaya gare shi, dogo, yana zagayawa da sauri, ba irin agogon sanin lokacin salla ba. Akwai ɗan maɓalli a gefe, in ka tura ya tashi, in ka ja ya tsaya. Ya ce zagaye ɗaya da rabi hasken zai zauna a kan takarda, kada ya ƙaru, kada ya ragu. In ya ƙaru hoto ya ƙone, in ya ragu ya fito kamar hayaƙi. Ya ɗiga lalle a gilashin agogon inda zan tsaya.

Sannan ya ba ni wani abu: guntun kaba da ya yanke kamar ƙwai, ya soke a tsinke. Ya ce farin zanenki yana son haske da yawa kafin saƙarsa ta fito, fuskarki kuwa kaɗan take so. Don haka a rabin zagayen ƙarshe in sa kabar tsakanin idon akwati da takarda, inuwarta ta rufe fuskar kaɗai, in yi ta motsa ta a hankali don kada ta bar shaida. Ya ce, "Uwarki ta fi ni iya wanga. Hannunta kamar mai fifita jariri."

Ranar farko Talata ce, hantsi ya yi kyau. Na shiga, Baba ya kafe takarda, ya fita, ya saki labule biyu. Jan hasken fitilar ya mayar da hannuna kamar na wadda ta yi yanka. Ta bayan bango na ji ya ce, "Bismillah, buɗe."

Na cire murfin.

Inna, ba wanda ya gaya mini haka za ki fito. Kin cika takardar, fuskarki ta kai faifai. Amma launinki a juye yake. Fatarki fara fat, zanenki baƙi, inda ya kamata idonki ya yi baƙi ya yi fari, inda ya kamata ya yi fari ya yi baƙi. Fararen ɗigo biyu suna kallona. Ban san sanda na durƙusa ba. Na sunkuyar da kai kamar kin shigo ɗaki, na rufe fuska da gyale. Agogon yana hannuna, ban tura maɓallin ba. Ban san iya zaman da na yi ba, sai da na ji Baba yana buga bango yana cewa, "Ke! Ba ki ruhe ba har yanzu? Hannuna zai karye!"

Da ya sa takardar a tasar maganin wanke hoto, nan take ta yi baƙi ƙirin daga gefe zuwa gefe, kamar gindin tukunya. Ya ɗago ta, ruwa na ɗiga. Ya dubi agogon, ya ga hannun yana tsaye inda ya bar shi. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Saura biyu," ya fita.

Washegari na ce wa kaina ba zan duba ba. Tunda kallonki ne ya kayar da ni, zan kafe idona a kan agogo. Haka na yi. Na cire murfi, na tura maɓalli, na bi hannun nan da ido kamar mai bin kunama. Ya zagaya ɗaya. Na ɗaga kabar na miƙa ta wajen takarda ba tare da na juya kai ba, ina motsa ta inda nake tsammanin fuskar take. Hannun ya taɓa ɗigon lalle, na mayar da murfi. Har na ji daɗi a raina, na ce yau na yi daidai.

Baba ya shigo ya sa ta a magani, yana girgiza tasar. Na tsaya a bayansa ina leƙe ta ƙarƙashin hannunsa. Zanenki ya fara fitowa, kowane zare na saƙar. Awarwaronki ya fito. Tabarmar da kika zauna a kai ta fito, har inda ta yage. Lokacin ya yi daidai, ko Baba ya faɗa. Amma a saman wuyanki babu fuska. Baƙin dunƙule ne kawai, ba ido, ba hanci, ba baki. A gefen kafaɗarki kuma ga wani farin tabo a jikin bango, inda na yi ta riƙe inuwar a banza.

Wannan ta fi ta farko ban tsoro. Ta farko ba kowa a cikinta. Wannan ke ce, zaune da kayanki, an shafe miki fuska, kuma ni na shafe. Na fita da gudu na yi amai a bayan rumbu.

Da la'asar Baba ya same ni ina wanke tasoshi. Ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, "Kulu, ba a yi wa mutum inuwa ba a dube shi ba." Ya ce saura ɗaya, in ta lalace shi zai je Kalgo da kansa ya ce wa surukarsa gilashin ya fashe. Na san ba zai iya ba. Mutumin da ko inuwar bukkarta ba ya takawa.

Ki gafarce ni, takardar nan mai baƙar fuska na haƙa rami a gindin zogale na binne ta. Ban iya barinta a ɗaki ba, ban kuma iya sa ta a wuta ba.

Sai ruwa ya sauko. Kwana biyar hadari bai bar gabas ba, rana ta leƙo ta koma. Baba ya ce da irin wannan haske gwajinmu ba shi da amfani, sai mu jira hantsi irin na ranar gwaji. A kwana na uku wani mai jaki daga wajen Kalgo ya biyo da saƙon Kawu, wai Kaka ta yi tuntuɓe da turmi da rana tsaka, ta fasa gwiwa. Turmin da ya shekara ashirin a wuri ɗaya. Na ji kamar ni na ajiye mata shi a hanya.

A kwanakin nan na ɗauki agogon na zauna da shi a ɗakin girki. Abin da ya dame ni shi ne ido biyu gare ni, amma ba sa rabuwa, ɗaya ya dubi agogo ɗaya ya dube ki. Ina zaune ina tura maɓalli ina ja, sai na lura da ƙararsa. Kowane taku na hannun yana da ƙara ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas. Na rufe ido na ƙirga. Da na kai sittin na buɗe, hannun ya dawo inda ya tashi. Na sake, na kai casa'in, na buɗe, yana kan lalle. Na yi ta yi ina tuƙa tuwo, ina yi ina tsince wake, har sai da na daina kuskure. Wani lokaci tsoro yakan sa in yi gaba da agogon, sai na koyi jiran ƙarar kafin in faɗi lamba.

Na gaya wa Baba cewa zan ƙirga da ƙarfi, in ya ji na ɓata ya buga bango. Ya ce, "Wa ya gaya miki haka take yi?" Na ce ba kowa. Ni a bakin ƙofa ƙus-ƙus kawai nake ji, na ɗauka addu'a kike yi.

Ranar Litinin gari ya waye tas. Baba ya sake ɗan gwaji da guntun takarda na ƙarshe, ya ce lokacin yana nan yadda yake. Ya buɗe baƙar ambulan, ya zaro ta ukun, ya kafe. Na ga ya juya ambulan ɗin ya girgiza, kamar wata za ta faɗo. Ya fita.

Na ajiye agogon a kan kujera kusa da kunnena. Na riƙe kaba a dama. Na ji fitsari ya kama ni kamar ƙaramar yarinya. Baba ya ce buɗe. Na cire murfi, na tura maɓalli, na ce ɗaya.

Kin fito kamar ranar farko, fara, da fararen idanu. Wuyana ya so ya sunkuya da kansa. Na ce biyu, na ce uku, da ƙarfi, don muryata ta riƙe mini kai. Ban taɓa jin muryata ta cika ɗaki haka ba. Wajen ashirin na ji kamar ɗigon nan biyu suna matsowa. Wajen talatin da biyar na tuna maganar matan bakin rijiya, na ce yanzu in kurwarki ce a nan fa, in kuma kina jin haushin na zuba miki ido? Lambar ta ɓace mini. Ƙas, agogo ya yi, ban faɗa ba. Sai na ji Baba ta bayan bango ya ce, "Talatin da takwas." Ashe yana bi na. Na karɓa daga talatin da tara.

Da na kai sittin na ɗaga kabar. Inuwarta ta faɗa kan kafaɗarki, na hau da ita a hankali, ta bi wuya, ta bi haɓa, ta zauna a fuskarki. Dole in duba in ga inda ta tsaya, kada ta taɓa zane, kada ta bar kunne a waje. Na yi ta kewaya ta, kaɗan kaɗan. A nan na ga inda kumatunki ya faɗa, na ga tsagar gefen idonki guda uku, waɗanda na sani daga gefe amma ban taɓa ganin na dama da na hagu a lokaci ɗaya ba. Hawaye suna zuba, ban da hannun sharewa. Ina ƙirga ina shan gishirinsu. Tamanin da tara. Casa'in. Na mayar da murfi.

Baba ya shigo. Ya sa takardar a magani. Fara ce fat, ta daɗe fara, har na ce a raina shi ke nan, na rage lokaci. Sai zanen ya fara tasowa daga ƙarƙashin ruwa. Sai wuya. Sai ke.

Inna, ashe haka idonki yake. Ba fushi a ciki. Kamar kina shirin tambayar ko an ci abinci.

Baba ya cire ki da sauri ya sa a ruwa na biyu, wanda ke tsayar da hoto, ya juya mini baya yana ta gyaran tasar da ba ta buƙatar gyara.

Kwana biyu muka yi a hanyar Kalgo. Na sa hoton tsakanin alluna biyu, na naɗe da buzu, na ɗaure a ƙirjina, ban yarda an ɗora shi a jaki ba. Duk gajimaren da ya taso sai in ƙara rungume buzun. A fadama ruwa ya kai mini ƙugu, na ɗora shi a ka na riƙe da hannu biyu, ina jin laka tana jan ƙafata. Abin da nake ta tunani, kada mu isa a ce mana idon ya rufe shekaranjiya.

Da muka isa rugar, Baba ya tsaya can gindin itacen kirya, ya tuɓe takalmi, ya aika gaisuwa. Ni kaɗai na shiga. Kaka tana zaune a ƙofar bukka, ƙafarta a miƙe, an ɗaure gwiwar da tsumma. Na yi sallama. Ta ce, "Wa ke nan?" Alhali ina tsaye dab da ita. Na ce ni ce. Ta ce, "Bebiya? Yau kin yi baki? Mi kika kawo mini, ko hannu biyu kika taho kamar ubanki?"

Na kwance buzun na sa mata hoton a cinya. Matan gidan, su Goggo Dije, duk sun san ko mene ne. Nan take kowa ta sami aiki. Wannan ta kama wanke ƙwarya, waccan ta tafi kore maraƙi da ba ya ɓarna. Ba wadda za ta nuna ta ga Kaka tana kallon ɗiyarta ta fari.

Kaka ta laluba gefen takardar, ta ɗaga ta. Ta ɗaga ta a kife, Inna, kanki a ƙasa, tabarma a sama. Ta kai ta kusa da idon hagu, tana kallon tabarma, tana gyaɗa kai kamar ta gane. Na duba wajen su Goggo, sun gani, sun ƙara sunkuyar da kai. Na ga za ta gama, ta ce to madalla, ta mayar mini, ta tafi kabari tana zaton tabarma ce fuskarki.

Ban taɓa gyara wa babba kuskure ba. Na matsa a kan gwiwa, na kama gefen takardar, na juya ta a cikin hannunta. Na kama yatsanta na ɗora a kan haɓarki, na ce, "Daga nan, Kaka." Ta ce, "Hannunki sai rawa yake kamar na ɓarawo."

Ta karkata ta ba hasken rana hanya. Ta kawo takardar har tana taɓa girarta. Ta fara daga haɓa, tana tafiya da ita a hankali a gaban idon, kamar mai bin layin karatu. Ta daɗe a wajen idanu. Ina durƙushe ina cewa a raina ko tana gani, ko kuwa kunyar wahalarmu take ji. Ba yadda zan sani. In na tambaye ta cewa za ta yi ta gani, ko ba ta gani ba.

Ta kai sama, ta tsaya. Ta ja tsaki. Ta ce, ba da ni take ba, ba da kowa ba, "Dubi wani ɗaurin kallabi don Allah. Mace har ta girma ba ta iya daidaita shi ba."

Na leƙa. Wallahi, Inna, a karkace yake, ya zamo wajen kunnen hagu. Ni da na wanke shi, na shanya shi, na ɗauko shi kwana biyu, ban lura ba.

Goggo Dije ta saki ƙwaryar da ke hannunta ta shige bukka. Kaka kuwa ba ta sauke takardar ba. Ta sa babban yatsa tana shafa wajen kallabin, tana turawa sama kaɗan kaɗan, kamar zai gyaru. Na ja da baya na bar ku.

Ba ta mayar mini da shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki. Allah ya bar wa Kaka ɗan hasken da ya rage mata har ta ƙoshi da kallo. Allah ya ba Baba haƙuri. Ni kuma ki yafe mini kallon da na yi miki, ba rashin kunya ba ne. Allah ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Ɗiyarki mai yi miki addu'a kullum,
Kulu